Layin Tokar Baba Baɗi

Duk wanda ya taɓa zama a gidajen hayar nan namu na bayan titin High Point ya san abin da zai tarar ran Lahadi da safe: Baba Illa a duƙe a bakin ƙofarsa, riƙe da gwangwanin tumatir da ya huda wa gindi da ƙusa, yana zuba toka a kan siminti. Layi ɗaya tak, miƙaƙƙe sambal, daga ƙofarsa har inda ake ajiye motoci. Ko ana sanyin nan mai fasa leɓe, ko ana yayyafi, sai ya zuba. Tokar gawayin shayinsa ce, duk mako yake tara ta a roba, kuma wallahi ya fi yarda ka taɓa masa aljihu da ka taɓa robar nan.

Ranar sadakarsa Hajiya Rabi ta unguwarmu ta ce in tashi in faɗi wani abu, tunda ni ce maƙwabciyarsa kuma matar ɗan 'yar'uwarsa. Kun ga abin da ya faru, na buɗe baki kuka ya riga ni. Shi ya sa na zauna na rubuta. Inda na karkace ku yi haƙuri, lakwal ɗina, wato bokona, bai yi nisa ba.

Saboda waɗanda suka zo daga baya, bari in faɗi asalin tokar. A gida Tasawa, tun yana saurayi, Baba ne mai zuba wa yaran garinmu layi a filin balo, wato ƙwallon ƙafa. Ba ɗan wasa ba ne, shi da kansa yana cewa ƙafarsa ba ta taɓa balo ba sai bisa kuskure. Aikinsa shi ne ya bi gidajen masu tuya da masu gashin burodi ya kwaso toka, ya tankaɗe, ya ja igiya, ya zana fili kafin a fara wasa. Da ya zo Amurka ya bar mata da 'ya'ya da gona, amma aikin nan ya ƙi ajiye shi. Ya ce babu wanda ya sallame shi.

Kuma kun san halin da yake ciki, irin na da yawa cikinmu. Takardunsa sun mutu tun da daɗewa. In ya tafi, ƙofa ta rufu ke nan, ga bakuna can suna jiran abin da yake aikawa daga yankan ciyawa. Akwatinsa na saman kabad a ɗaure, kullum a shirye. Ka tambaye shi yaushe ne tafiya, amsa ɗaya ce: “Baɗi. Baɗi zan je in zuba musu layi da hannuna.” Ka tambaye shi yaushe yaransa na balo za su ɗauki kofi, ita ce dai: “Baɗi namu ne.” Har sunan ya bi shi. Yaran unguwa ba su san wani Illa ba, Baba Baɗi suka sani.

Ni kuwa haɗuwata da tokar nan ba ta yi daɗi ba. Ina amarya, satina na farko a ƙasar nan, komai tsoro yake ba ni. Jiniyar motar asibiti tsoro, ƙarar na'urar hayaƙi tsoro, mai kawo wasiƙa ma in ya ƙwanƙwasa sai in laɓe bayan ƙofa. Na leƙo ran Lahadi na ga farin abu an ja shi ta gaban ƙofarmu. Na ce shi ke nan, ko kwana bakwai ban yi ba an fara yi mini asiri! Maigidana Lawali yana wurin aiki, ba wanda zan tambaya. Na yi bisimilla, na ɗauko tsintsiya, na share tas, har da ruwa na bi.

Da azahar sai ga ƙwanƙwasa kamar za a ɓalla ƙofa.

“Wa ya share mini fili?”

Na durƙusa. “Baba, ina wuni?”

“Ban wuni ba! Ke ce amaryar Lawali? Huɗu aka zura mana yau. Huɗu! Gardiye, mai tsaron gidanmu, yana tsaye kamar turken awaki. Ina ta mamaki, ashe daga nan aka cuce mu!”

Na ce, “Baba, ka yafe mini. In an bar tokar, ku kuke ci?”

Ya gyara hula. “In an bar ta, biyu ake cinmu.”

Daga ranar ya sa mini suna Arbit, wato alƙalin wasa, wai ni ce na sayar da wasa. Har ya bar duniya bai kira ni Zuwera ba sai sau ɗaya, zan zo wurin.

Wata Ba'amurkiya da ke bene na sama, tsohuwa mai kirki, ta daɗe tana kallonsa ta taga. Ran nan ta sauko da kofi a hannu, wai don Allah ya sam mata maganin tururuwar nan na Afirka. Baba bai musa ba, ya cika mata kofi. Bayan sati ta dawo tana ta godiya, wai ko ɗaya ba ta ƙara gani a kicin ba. Baba ya juyo ya kalle ni.

“Kin ji ko, Arbit? Tururuwar Amurka ma ta san layi. 'Yan bayanmu ne kawai ba su san inda za su tsaya ba.”

Sai batun waya. A lokacin sai ka sayi kati a shagon kayan Afirka, ka kankare bayansa, ka danna lambobi har yatsa ya gaji, sannan wata mata ta gaya maka da Turanci minti nawa gare ka. Baba yana da aboki tun na yarinta, Garba Tela, shagonsa can Tasawa yana kallon filin balo. Baba ya aika masa salula takanas saboda Lahadi. In an tashi wasa can, nan rana ta take tsaka. Sai ya zauna bakin gado, ya sa tabarau kamar zai karanta wani abu, ya kira. Da an ɗauka ba sallama, ba ina wuni, ba ya iyali.

“Nawa?”

Ka ji muryar Garba can ƙasa-ƙasa. Sai Baba ya ce, “Wa ya zuba layi? Wannan mai karkataccen idon? To. Baɗi namu ne.” Ƙit, ya kashe.

Ran farko da na gani na riƙe baki. Na ce, “Haba Baba! Babban mutum kamar Malam Garba, ko gaisuwa?”

“Na gaishe shi ran Juma'a. Gaisuwar ba ta huce ba tukuna.”

“To iyalinka fa?”

“Su ran Juma'a ne. Kati ɗaya ba ya ɗaukar gaisuwa da baƙin ciki, sai ya ƙare a tsakiya.”

Katin kuwa in ya mutu ba ya yarwa. Da shi yake kankare tukunya, da shi yake toshe ƙafar tebur, da shi yake gyara bakin layinsa in toka ta fantsama. Lawali ya taɓa ce masa, “Kawu, ga manyan ƙungiyoyin Turai a talabijin kyauta, ka zaɓi ɗaya mana ka huta. Kowa yana da tasa.” Baba ya dube shi sama da ƙasa.

“Wa ka sani a cikinsu? Ka san uwar mai tsaron gidansu? Ni gardiyenmu na je sunansa, na ci naman ragon. In ya saki balo na san gidan da zan aika a yi masa faɗa.”

Aikinsa yankan ciyawa ne, a manyan gidajen Irving Park, wani lokaci can wajen filin golf na Sedgefield. Ciyawar nan ta daɗe tana ci masa rai. Ya dawo da yamma, takalma duk kore, ya zauna yana girgiza kai. “Arbit, kin ga fili shimfiɗe kamar darduma, ruwa na fita daga ƙasa da kansa yana ba shi. Ba akuya, ba balo. Tsofaffi ne kawai a 'yar mota suna bin ƙwai da sanda. Da yaranmu za su samu rabinsa!” Sai kuma ya yi tsaki. “Ko da yake ba su saba ba. Santsi zai kwashe su.”

Wani mai gida da yake yi wa aiki ya ba shi tikitin besbol, ƙwallon nan da Amurkawa ke bugawa da sanda, na ƙungiyar garin nan. Da farko ya ce ba ya zuwa, mutum ba ya da gari biyu. Amma abin kyauta ne, kuma kun san Baba da asara. Ya ce mu shirya, ni da Lawali da 'yata Nana, lokacin tana goye. Tun a mota nake addu'a. Taron Turawa, ga 'yan sanda a ƙofa, ga tsoho ba takarda, ga bakinsa ba linzami.

Mun shiga da wuri. Sai ga wani mutum ya fito yana tura 'yar keke, farin gari na zuba ta ƙasanta, yana ja wa fili layi. Baba ya miƙe tsaye. Wallahi tunda nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya bi mutumin da ido har ya kai ƙarshe, leɓensa na motsi. Ya ce, “Wannan ya san aiki. Dubi yadda ba ya kallon ƙafarsa, can gaba yake kallo. Haka ake yi.” Ya daɗe a tsaye bayan mutumin ya shige.

Da aka fara wasa bai gane komai ba, mu ma haka. Ya tambayi Lawali, “Su wane ne masu toka-tokar riga, da ba wanda ke tafa musu?”

“Baƙi ne, Kawu. Daga wani gari suka zo.”

“A mota?”

“A mota mana.”

“Ba uwa ba uba a wurin nan?”

“Babu.”

“To nawa ne.”

Jama'a! Duk filin nan ana yi wa 'yan gida kirari, tsoho ɗaya da hula zanna yana ihu wa baƙi da Hausa. In ɗansu ya daki ƙwallo ya sheƙa, sai Baba ya tashi: “Gudu, ɗan albarka! Gudu, kar ka waiwaya!” Mutane na juyowa. Wani ƙato mai jan wuya a gabanmu ya waigo ya ƙura mana ido. Na ƙanƙame Nana, na ce yau kwananmu ya ƙare, za a kira 'yan sanda a kwashe mu. Ina jan rigarsa ina cewa, “Baba, don girman Allah ka zauna.” Ƙaton nan ya yi wata magana, Lawali ya fassara: wai tsoho daga garinsu yake?

Baba ya ce, “Gaya masa a'a. Gaya masa na dai san yadda ake ji.”

Ban san yadda Lawali ya juya ta ba. Na dai ga mutumin ya miƙo wa Baba ledar gyaɗa. Aka lallasa baƙin nan, ba kyan gani. Muna fita Baba yana ɓare gyaɗa ya ce, “Ka ga, ko a nan hannuna bai canza ba. Duk wanda na riƙa sai ya faɗi.” Muka yi dariya har da hawaye. Muka shiga mota. Ta madubi na ga yana kallon waje, yana jan layi da yatsa a kan gilashi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Nana ta yi wayo, ta shiga makaranta, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci. 'Yarsa ta fari ta yi aure, ta waya ya ba da ita. Ƙaninsa ya rasu, ta waya ya yi ta'aziyya. Ƙurar da ke kan akwatin nan ni nake gogewa. Kowace shekara in aka fara sanyi sai ya ce, “Wannan ne na ƙarshe da zan sha.”

Sai ciwo ya zo. Ya faɗi a wurin aiki, a kan ciyawar mutane. A asibiti likita ya ce zuciya ce, ta kumbura ta gaji, kuma a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali. Ni kun san ni, in aka ce a kiyaye, ba na barci. Na yi ta tunani: me ke tayar wa Baba hankali duk mako in ba yaran nan ba? Na sayi kati da kuɗin cefane, na kira Malam Garba a ɓoye. Na gaishe shi yadda ya kamata, na gaya masa abin da likita ya ce.

Ya ce, “To ɗiyata, me kike so in yi? Ni tela ne, ba ni nake buga musu ba.”

Na ce, “Baba Garba, ka ɗinka masa. Ka ce an ci.”

Sannan ya ce, “Allah ya yafe mana ni da ke.”

Ran Lahadi na kai masa waya gadon asibiti, na danna masa lambobin.

“Nawa?”

“Ɗaya da nema. Mu muka ci!”

Baba ya ɗaga gira. Ya ce, “To, madalla.” Ya miƙo mini waya. Na ce a raina dabara ta yi.

Lahadi ta zagayo, an sallamo shi yana gida a kwance. Malam Garba kuwa ya ji daɗin ɗinki, ya zarce da ado. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye: “Uku da nema! Kuma a gidansu! Gardiye ya kama fanareti!”

Baba ya cire tabarau a hankali.

“Garba.”

“Na'am.”

“Tun muna yawo ba wando na san ka. Kai ko wuyan riga ka yanke ba daidai ba, sai muryarka ta hau sama. Yaranmu su ci biyu a jere? A gidan wasu? Gardiyen da ko tulu aka jefa masa sai ya kauce? Wa ya mutu? In Hawa ce ka gaya mini.”

Hawa matarsa ce. Nan na gane ɓarnar da na yi. Ina neman kwantar masa da hankali, ashe sati guda yana kwance yana zaton wani babban abu ake ɓoye masa. Na ji Malam Garba yana rantsuwa cewa kowa lafiya, Hawa ma ga ta can ta wuce da tallan ƙuli.

“To faɗa mini gaskiya. Nawa?”

“Uku. Mu aka ci.”

“Wancan satin fa?”

“Biyu.”

Baba ya sauke wani dogon numfashi, ya koma kan filo, har da murmushi. “Alhamdu lillahi. Yanzu na ji gida.”

Na durƙusa gefen gado ina kuka, ina cewa ni ce, ni na sa shi. Ya ɗora hannu a kaina. A nan ne ya kira sunana.

“Zuwera. Na sani. Wa zai yi in ba Arbit ba? Amma kar ki ƙara gyara mini garinmu. Abin da ya rage mini ke nan, in kira in ji shi yadda na bar shi.”

Sannan ya nuna robar toka da haɓa. “Sati biyu ba a zuba ba. Kin ga abin da ya jawo.”

Daga nan ni na karɓi aikin. Yana zaune a kujera bakin ƙofa cikin bargo, ni ina duƙe da gwangwani, yana ba da umarni. “Kar ki kalli ƙafarki! Can gaba! Kai, wannan layi ne ko hanyar maciji?” Nana tana tsalle tana ƙetarawa, yana korarta da sanda.

A cikin kwanakin nan ne ya ce a sauko masa da akwati. Ya ce ya fasa jiran baɗi, bana zai tafi, ƙofar ta rufu in ta ga dama. Lawali ya fara neman tikiti, mutanenmu na nan suka ce za su haɗa kuɗi. Muka koma wurin likita, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce zuciyar nan ba za ta ɗauki jirgi ba, a bari ya ƙara ƙarfi. Da Lawali ya fassara masa, Baba ya yi 'yar dariya.

“Shi ma ɗan ƙungiyar balonmu ne ashe. Baɗi yake cewa.”

Bai ƙara ƙarfin ba. Kafin ya cika ya bar wasiyya a gaban Alhaji Musa limaminmu: kar a wahalar da gawarsa a jirgi, abin da aka tara a aika wa Hawa. Ya ce ƙasa duk ta Allah ce. A nan aka binne shi. Lawali ya dawo daga maƙabarta da jan laka a takalmi, ya zauna yana kallonsa, ya ce, “Ko yashi babu, Zuwera. Mutumin da ya tashi cikin yashi.” Da muka buɗe akwatin don a raba kaya, a sama muka tarar da igiya sabuwa a naɗe, doguwa, irin ta jan layi.

Lahadin da ta biyo baya na tashi ban san abin da zan yi da hannuna ba. Akwai sauran toka a roba. Na zuba. Ya karkace, na bar shi haka. Da rana ta take na kankare kati na kira Malam Garba. Ya riga ya ji rasuwar, mun yi ta'aziyya tun ranar. Da ya ɗauka na fara, “Baba Garba, ina wuni, ya ƙarin haƙuri...”

Ya katse ni. “Ɗiyata, yau Lahadi. Ba a gaisuwa.”

Na ce, “Nawa?”

“Biyu da ɗaya. An ci mu.” Ya ja hanci. “Ni na zuba musu layi yau. Na kori yaron. Ina tela, amma wallahi ya karkace. Yaran sun tsaya a kansa sun yi masa fatiha kafin a busa.”

Na san abin da yake jira, shi ma ya san abin da nake jira. Kalma uku ce, duk unguwar nan har yara sun iya ta. Ni na kasa, shi ya kasa. Muna nan riƙe da waya, ina jin kukan awaki da hayaniyar yara daga can, har matar nan ta shigo da Turancinta ta ce saura minti ɗaya. Muka bar shi ya ƙare.

Shekaranjiya innata ta kira, ta ce yaushe zan kawo mata Nana ta gan ta, tunda a hoto kawai ta san ta. Na buɗe baki, kalmar tana kan harshena. Na rufe. Na ce, “Inna, ki yi mini addu'a.”

Allah ya jiƙan Baba Illa. Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa a wannan jar ƙasa da ba tasa ba, ya miƙe masa hanya kamar yadda ya yi ta miƙe wa yaran mutane layi. Allah ya ba Inna Hawa da Malam Garba haƙuri. Ya sauke shi a gidan da ba a ce wa kowa sai baɗi. Mu da muka rage da akwatuna a saman kabad, Allah ya kai mu da ƙafafunmu. Amin.